Na yi ɓaranɓarama da Turanci a katin ta'aziyya, ku taya ni dubawa

Ɗan_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau na kwafsa, kuma ina so in ji ko ni kaɗai ne. A wurin aikinmu a Abuja shugabar sashenmu Baturiya ce 'yar Ingila. Mahaifinta ya rasu, ta je gida ta dawo, sai aka sayo babban kati ana zagayawa da shi kowa ya rubuta ta'aziyyarsa. Da ya zo kaina na ga kowa "sorry for your loss" ya rubuta, na ce bari in nuna musu ni ma na sha boko. Na tuna wani ɗan littafi da na haddace muna ajin ƙarshe a sakandare, irin waɗanda ake bazawa a bakin titi, an jera maganganun Turanci kowace da ma'anarta a gabanta. A ciki akwai "kick the bucket", ma'ana mutuwa. Kawai na dangwala: "I am sad that your father kicked the bucket." Da biro, ba fensir ba. Bayan azahar abokin aikina ya ja ni gefe, ido waje, ya ce wa ya aike ka? Kati kuwa ya riga ya shiga ofishinta.
Tambayata: ƙarya littafin nan ya yi mini? In kuma gaskiya ya faɗa, mene ne amfanin wannan haddar da muka sha?

Bazazzagi_Sak:
Bakano dai Bakano ne. An ce ka sa hannu, ka je ka sa ƙafa, har ka shure musu bokiti.

MalamarTuranci:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, littafin bai yi maka ƙarya ba, rabin gaskiya ya ba ka. Ma'anar dai mutuwa ce. Amma ka ɗauka ka je zaman makoki a unguwarku, ka durƙusa gaban 'ya'yan mamaci ka ce, "Ashe tsoho ya sheƙa barzahu?" Ai ba ka faɗi abin da bai faru ba, amma da wuya ka fito da hularka a kai. Mu ma muna da hawa-hawa: ya rasu, ya riga mu gidan gaskiya, ya kwanta dama, rai ya yi halinsa, sannan can ƙasa akwai ya sheƙa, ya ce ga garinku nan. Duk abu ɗaya ake nufi, amma kowace da wurin da ake faɗarta da wanda ake faɗa wa. "Kick the bucket" tana can ƙasa, maganar raha ce, mutum kan faɗe ta a kan kansa yana wasa. Wadda ta yi daidai da rasuwa ita ce "passed away". Ƙamus mai kyau na masu koyo yakan sa 'yar alama kusa da magana, ya ce wannan ta hira ce, wannan ta barkwanci ce, wannan ta tsufa. Littattafan bakin titi wannan alamar suke cirewa, alhali ita ce rabin ilimin.

Ɗan_Fagge:
Malama wallahi da kika ce "ya sheƙa barzahu" sai da cikina ya juya. Yanzu na gane girman abin. @Bazazzagi_Sak zan dawo kanka, bari in fita daga wannan tukuna.

Nas_a_Leeds:
Ɗan'uwa kwantar da hankalinka, kowa da tasa. Makona na biyu da fara aiki a nan Ingila, ina aikin dare a ɗakin tsofaffi. Wata tsohuwa ta danna ƙararrawa, na je, ta kama hannuna ta yi ƙasa da murya ta ce, "I need to spend a penny, love." Na duba agogo, ƙarfe biyu saura. Na ce mata kanti a rufe yake, ta bari gari ya waye in sayo mata abin da take so. Ta sake faɗa, na sake ba ta haƙuri, har na buɗe durowarta ina neman jakar kuɗinta. Sai da abokiyar aikina ta zo wucewa ta ce, maza kai ta bayi. Ashe fitsari ne ya matsi baiwar Allah. A da can bayin jama'a na garuruwansu sai ka jefa kwabo ɗaya a ƙofa take buɗewa, shi ne maganar ta zauna a bakin tsofaffi. Matasansu ba su cika faɗa ba.
Abin da ya ba ni haushin kaina, ai kakata ba ta taɓa cewa za ta yi fitsari ba. Sai dai "zan zagaya" ko "zan kama ruwa". Kunya ɗaya ce, harshe ne ya bambanta. Kuma na ci jarrabawar IELTS ta gwada ƙwarewar Turanci da maki mai kyau kafin in zo, ban taɓa gamuwa da wannan kwabon ba.

Uwar_Biyu:
Hhhh Allah sarki tsohuwa. To ni a taimaka min da "break a leg". 'Yata ce za ta yi gasar muhawara a makaranta, malamarsu ta turo saƙo haka a wayata. Na ce a'uzubillahi, bakinki ya sari ɗanyen kashi.

MalamarTuranci:
Hajiya fatan alheri ta yi mata. Maganar 'yan wasan kwaikwayo ce, suna da camfin cewa in ka yi wa mai hawa dandamali fatan sa'a kai tsaye, akasin haka zai faru, sai su juya maganar. Mu ma ai akan sa wa ɗan da ake jin tsoron rasa shi suna irin Ajuji ko Ayashe, a nuna kamar ba a damu da shi ba.

Uwar_Biyu:
To ai shi ke nan. Saura kaɗan in je makarantar da kaina.

Malam_Na_Aji:
Ni ban yarda a ce hadda ba ta da amfani ba. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da Turanci a sakandare. A WAEC da NECO da JAMB duk akwai sashen da za a ba yaro jimla, a jera masa fassarori, a ce ya zaɓi wadda ta dace. Yaron da bai taɓa jin "a piece of cake" na nufin abu mai sauƙi ba, zai je ya zaɓi amsar da ta ambaci abinci. Yaranmu na ƙauye ba su da Bature a unguwa, ba su da datar kallon finafinai. Littafin nan da kuke rainawa shi ne kaɗai hanyarsu. A haddace tukuna a ci jarrabawa, sanin muhalli ya biyo baya.

Nas_a_Leeds:
Malam ba a ce a jefar da littafin ba. Amma ka ga wanda ya buɗe zancen nan ai ɗalibinku ne, ya haddace, ya ci jarrabawar, ga inda ta kai shi.

Malam_Na_Aji:
Ta kai shi ofis a Abuja, 'yar'uwa. Ba don ya ci Turancin ba da katin ma bai zo hannunsa ba.

Bazazzagi_Sak:
Malam ya ci wannan zagayen.

Ɗan_Damagaram:
Salamu alaikum daga Nijar. Mu da muka yi lakwal da Faransanci sau biyu muke shan wannan wahala. Mushenmu na Turanci ya koya mana "it is raining cats and dogs", muka yi ta dariya, alhali Faransawa su ma cewa suke ana ruwan igiyoyi. Abu in ya yi tsada Bature ɗan Ingila ya ce ya ci masa hannu da ƙafa, "an arm and a leg", Bafaranshe kuma ya ce ya ci idanun da ke kansa. Wanda ya yi maka alkawarin haɗuwa bai zo ba, a Faransanci an ce ya ajiye maka zomo. Ni abin da ya taimake ni, na daina tambayar me ya sa kyanwa, me ya sa kare. Sai in nemi ɗan'uwan maganar a Hausa in ɗaura su tare. Ruwan kyanwa da kare: ruwa kamar da bakin ƙwarya. Tun daga nan ban ƙara mantawa ba.

Bakatsine92:
Asalin wannan na kyanwa da kare na sani, an turo mana a WhatsApp. Wai a zamanin da gidajen Turawa rufin ciyawa ne, kyanwoyi da karnuka suna kwana a sama, in aka yi ruwa mai ƙarfi sai su zamo su faɗo.

MalamarTuranci:
Yayana wannan saƙon ya daɗe yana yawo a intanet, kuma masu binciken asalin kalmomi sun yi watsi da shi. Ka taɓa ganin kare ya hau jinka ya kwana? Yawancin labaran asali masu daɗin nan daga baya ake ƙirƙirarsu, gwargwadon daɗin labari gwargwadon yadda ya kamata ka yi taka-tsantsan. Sannan ita maganar kanta ta tsufa, a littattafan makaranta ta fi rai. Ɗan Landan na yau "it's pouring" zai ce ya wuce.

Bakatsine92:
To na janye karnukan.

Gimbiyar_Hadeja:
Dabarar Ɗan_Damagaram ita nake bi. Bari in zubo wanda na tara a bayan littafina:
"spill the beans", fasa ƙwai.
"between a rock and a hard place", gaba kura baya sayaki.
"a bird in the hand is worth two in the bush", ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.
"the pot calling the kettle black", gwano ba ya jin warin jikinsa.
"one bad apple", wake ɗaya shi ke ɓata gari.
"black sheep of the family", zakkar gida.
"make a mountain out of a molehill", allura ta tono garma.

Baba_Mai_Ritaya:
'Yata kin yi ƙoƙari, amma na ƙarshen bai hau ba. Allura ta tono garma ana faɗarta in an bi ƙaramin abu sai babba ya fito, kuma babban na gaske ne. Ana binciken ɓatan naira dubu, sai a tarar da miliyoyi sun salwanta. Ita kuwa ta Turancin, abin ƙarami ne har yanzu, mutum ne ya kambama shi. Ki ce ya zuzuta, ko ya yi wa abin gishiri.
Ga kuma inda wannan dabarar take da rami. Wani lokaci kalmomin za su yi kama, ma'ana kuwa hannun riga. Ina ƙaramin akawu na taɓa rubuta cewa wani ma'aikaci yana da "bad blood", ina nufin baƙin jini, mutane ba sa son sa. Maigidana ya kira ni ya ce tsakaninsa da wa? Domin a Turanci "bad blood" gaba ce tsakanin mutum biyu, ba halin mutum ɗaya ba. Haka "pull someone's leg". Ka ji jan ƙafa sai ka zaci jinkiri, tunda mu mai jan ƙafa shi ne mai nawa. Su kuwa zolaya suke nufi. Jan ƙafarmu a wurinsu "drag your feet" ne.

Gimbiyar_Hadeja:
Na gode Baba, na goge na gyara. Wannan na jan ƙafa wallahi da haka na fahimce shi.

Tela_Mai_Almakashi:
Tunda an zo nan bari in yi tambayar sana'ata. Kullum ina jin 'yan boko suna cewa "cut your coat according to your size". Ni a matsayina na tela wannan ba nasiha ba ce, ai kowa daidai jikinsa ake ɗinka masa. Matsalar da muke fama da ita mutum ya kawo yadi huɗu ya ce babbar riga yake so har da 'yar ciki da wando.

MalamarTuranci:
Maigida tela ka fi 'yan bokon gaskiya. Asalinta "according to your cloth" ne, wato gwargwadon yadin da kake da shi. Mu ne a Najeriya muka mayar da ita "size". Iya kuɗinka iya shagalinka ke nan. Haka muka yi wa "more power to your elbow", muka cusa mata man shafawa ta koma "more grease to your elbow".

Tela_Mai_Almakashi:
Alhamdu lillahi. Gobe zan rubuta ta gaskiyar in manna a ƙofar shago kafin ɗinkin sallah ya kankama.

Lauya_Ba_Kotu:
Ni nan ne nake da ja. Wa ya ce tamu kuskure ce? Amurkawa suna cewa "beat around the bush", 'yan Ingila na da suna cewa "about", ba wanda ya ce wani ya faɗi jarrabawa. Kalmar "table" ma, a majalisar Ingila da tamu in an ce an yi wa ƙudiri haka to an gabatar da shi ne a tattauna, a majalisar Amurka kuwa an jingine shi ke nan. Kishiyar juna, kuma kowa na da gaskiya a gidansa. A watan Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi da maganganu 29 na Turancin Najeriya. Akwai "Kannywood", akwai "next tomorrow" wato jibi, akwai "okada", akwai "put to bed" da ma'anar haihuwa. To in masu harshen sun karɓa, mu me ya sa muke jin kunyar namu?

Nas_a_Leeds:
Barista ba kunya ba ce. Sun shigar, amma sun rubuta cewa na Najeriya ne ko na Afirka ta Yamma. Ka zo nan ka ce matarka ta yi "put to bed", tambayarka za a yi wa ta kwantar, don su yaro ake kai wa gado a ce haka. Ni har yau in zan fita in dawo sai na danne bakina kar in ce "I'm coming". Ranar da na faɗa, wadda nake wa magana ta tsaya tana kallona ina tafiya, ta ce to ina kuma za ki? "Ina zuwa" ce kawai na sa wa kwat.

Lauya_Ba_Kotu:
To kin ga mun dawo kan maganar Malama ta farko, kowace da wurinta. A Kano "size", a Leeds "cloth".

Malam_Na_Aji:
A takardar jarrabawa kuma "cloth", don Allah kar ku rikita mini yara.

Mai_Duban_Wata:
Ba a taɓo wadda na fi so ba, "once in a blue moon", abin da ba ya faruwa sai jefi-jefi. Daga cikar wata zuwa wata cikar kwana 29 da rabi ne, watannin Bature kuma banda Fabrairu kwana 30 ne ko 31. Saboda haka bayan kamar shekara biyu da rabi zuwa uku sai a sami watan Bature guda da farin wata ya cika sau biyu a cikinsa, na biyun suke kira shuɗi a yau, ko da yake launinsa bai sauya ba. A lissafinmu na Hijira hakan ba zai taɓa yiwuwa ba, tunda da jinjirin wata muke farawa, kowane wata daren sha huɗunsa ɗaya ne. Shi ya sa in ka fassara wa dattijo ita kai tsaye zai ce maka shirme ne.

Bazazzagi_Sak:
Kamar dai Bakano ya yi kyauta ke nan. Shuɗin wata.

Ɗan_Fagge:
Na ce maka zan dawo kanka. Mu da muke ciyar da ku tun daga Kantin Kwari har Dawanau?

Shugaban_Zaure:
Kanawa da Zazzagawa a kai wasan waje, ana karatu.

Ɗaliba_BUK:
Wata tambaya. Mu a aji an raba mana karin magana da abin da Turawa ke kira "idiom". Jerin da Anti Gimbiya ta kawo na ga an gwamutsa su. Ƙwai a baka ai karin magana ce cikakkiya, amma fasa ƙwai guntuwa ce da ake sakawa cikin jimla, kamar cin fuska ko shan kai ko farin jini. Ko ni ce ban gane ba?

Baba_Mai_Ritaya:
Kin gane sarai, jikata. Karin magana tana tsayawa da ƙafarta, tana ɗauke da hukunci. Ɗayar kuwa adon magana ce, sai an ba ta mai aikatawa da lokaci. Amma ga mai koyo ciwonsu ɗaya, in ka bi kalma-kalma ka ɓata. Ki gwada gaya wa Bature cewa wani ya ci fuskarki, ki ga yadda zai leƙa fuskar yana neman tabo.
Abin da ya sauƙaƙa mini a zamaninmu shi ne lura da inda suke ɗebo nasu. 'Yan Ingila mutanen teku ne, shi ya sa "all hands on deck" da 'yan siyasarmu ba sa gajiya da ita, da "learn the ropes", igiyoyin jirgin ruwa ke nan. "Throw in the towel" da "below the belt" daga damben zamani suke, ta farko miƙa wuya, ta biyu naushin da doka ta hana, wato cin zarafi. "The ball is in your court" daga wasan tanis, saura kai. Wasu kuma daga Littafin Baibul, kamar "by the skin of my teeth", wanda mu za mu ce da ƙyar na sha. Mu namu daga gona da kasuwa da dawa muke ɗebowa, shi ya sa kura ta cika mana baki.

Direban_Tirela:
Ni ban yi nisa a boko ba amma ina karanta jarida. Kullum sai na ga "white elephant project". Farar giwa kuma ta mece ce? Kuma a hanya ina ganin gine-ginen da ake kira haka, ciyawa ta cinye su.

Lauya_Ba_Kotu:
Daga ƙasar Siyam ne, wadda yanzu ake kira Tailan. Farar giwa a can abar girmamawa ce, ba a sa ta aiki, ga ci kamar gara. Ana ba da labarin cewa sarki in yana son karya bafade sai ya ba shi ita kyauta, ba dama ya ƙi, ba dama ya sayar. To duk aikin da ya lashe kuɗi, riƙonsa asara, amfaninsa babu, shi ne farar giwa.

Direban_Tirela:
Ƙadangaren bakin tulu ke nan. A kar ka a kar tulu, a bar ka ka ɓata ruwa.

Baba_Mai_Ritaya:
Ya kusa, direba, sai dai ƙadangare ba ya cin buhun dawa kullum.

Uwar_Biyu:
Duk kun bar bawan Allah da katinsa. Ɗan_Fagge, shawarata ka je da kanka, kar ka tura saƙo. Ka ce mata Turanci ba harshenka ba ne, ka ɗauka maganar girmamawa ce, sannan ka yi mata ta'aziyya irin tamu, ka tambayi mahaifiyarta da sauran dangi. Kuma don Allah kar ka saka wani adon magana a ciki.

MalamarTuranci:
Na goyi bayan Hajiya. "I'm very sorry" ta wadatar.

Ɗan_Fagge:
Na dawo. Na shiga da safe kafin mutane su taru, gumi har cikin takalmi. Katin yana kan teburinta a tsaye. Na faɗi abin da Hajiya ta ce. Ta yi shiru, sai kuma ta fashe da dariya har da hawaye, ta ce mahaifinta da kansa haka yake faɗa kullum in ana maganar wasiyya, kuma cikin duk rubutun katin nawa ne kaɗai ya yi kama da muryarsa. Amma ta ce kar in kuskura in sake rubuta wa wani. Da zan fita ta ce, "It's water under the bridge." Na ce yes ma na fito. Jama'a wace gada kuma?

Gimbiyar_Hadeja:
Abin da ya wuce ya wuce. Ta yafe maka.

Bazazzagi_Sak:
Ruwan bokitin da ka shure ne ya gangara can.

Malam_Na_Aji:
Wannan ma tana cikin littafin, da ka kai harafin W.